Yadda Ake Aikin Sa Kai a Gidan Marayu a Jos

Duk shekara idan azumi ya kama, ko kuma an shiga makon Kirsimeti, ƙofar gidajen marayu na Jos takan cika da motoci. Za a sauke buhunan shinkafa da katan-katan na taliya, a jera yara a tsakar gida a ɗauki hoto, a yi addu'a, kafin la'asar kowa ya kama gabansa. Wannan alheri ne, kuma shinkafar za a ci ta. Sai dai wanda ya saba shiga irin waɗannan gidaje ya san cewa ranar da ake neman hannu ita ce wata Talata ta tsakiyar damina, lokacin da babu biki babu baƙo, mai reno ɗaya tana fama da jarirai uku, wankin jiya ya ƙi bushewa, ga kuma yaro kwance da zazzaɓi babu mai raka shi asibiti. Wannan bayani na wanda yake son ya kasance a wurin ne a irin wannan rana.

Matakin farko a gidanka ake yin sa, tun kafin ka taka ƙofar kowa. Ka zauna ka auna lokacinka tsakaninka da Allah, ka ga awa nawa za ka iya bayarwa a kowane mako har tsawon wata shida ba tare da fashi ba. Awa uku duk Asabar da safe, in dai za a riƙe su, sun fi kwana bakwai a jere da za a yi cikin zumuɗi sannan a ɓace. Dalili kuwa shi ne yawancin yaran nan sun riga sun ɗanɗana rabuwa. Rikice-rikicen da garin ya sha a 2001 da 2008 da 2010, da hare-haren da suka biyo baya a ƙauyukan jihar, sun bar gidaje da dama babu uba. Akwai kuma wanda uwarsa ta rasu wurin haihuwa, da jaririn da aka tsinta, da wanda iyayensa suna raye amma rashin lafiya ko talauci ya hana su riƙe shi. Yaron da ya saba ganin manya suna tafiya ba sa dawowa, idan ya fara sabawa da kai sannan ka ɗauke ƙafa, ka fama masa tsohon miki ne.

Ni kaina na yi wannan kuskure a watana na biyu. Na ce wa wani yaro ɗan shekara bakwai zan zo ranar Asabar mu ƙarasa haɗa mota da gwangwanin madara da murafen kwalba, sai ɗaurin aure ya taso a Bukuru, na tafi ban aika saƙo ba. Da na zo Asabar ta gaba, dattijuwar da yara ke kira Iya ta ja ni gefe ta ce, "Malam, yaron nan a bakin get ya wuni riƙe da gwangwanayen nan har aka kira magariba. In ba za ka zo ba, ka buga waya mu faɗa masa, ko kuma tun farko ka bar yi masa alkawari." Ya ɗauki kusan wata guda kafin ya sake zama kusa da ni.

Mataki na biyu shi ne zaɓen gida, kuma a nan ake buƙatar buɗe ido. Gidan marayu na ƙwarai yana da rajista da ma'aikatar harkokin mata da jin daɗin jama'a ta jiha, kuma idan ƙungiya ce ke tafiyar da shi, tana da takardar rajista ta hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Babu rashin kunya a tambayar waɗannan takardu, gidan da yake kan ƙa'ida ma sau da yawa za ka tarar ya rataye su a bangon ofis. Ka tambayi limamin unguwar ko faston cocin da ke kusa, ka tambayi mai unguwa da maƙwabta, domin su ne suke ganin abin da ke shiga da fita. Ka lura ko yaran suna zuwa makaranta, ko akwai littafin da ake rubuta sunan baƙi, ko maza da mata suna da ɗakunan kwana daban. Idan aka bar ka ka shiga ɗakin yara ranar farko ba a tambayi ko sunanka ba, wannan alama ce ta sakaci, domin yadda aka bar ka haka za a bar mugu. Idan kuwa ka ji ana maganar farashin jariri, ka fita, ka kai rahoto ga hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane ko ga 'yan sanda. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda Jihar Filato take cikin jihohin da suka amince da ita, ta hana saye da sayar da yaro, kuma ɗaukar yaro riƙo na dindindin ta hannun kotu yake bi.

Akwai wani abu da ya shafi Jos musamman. Wasu gidajen na Musulmi ne, wasu na Kirista ne, wasu kuma suna riƙe da yara na ɓangarorin biyu. Ka zaɓi inda za ka saki jiki, kuma duk inda ka shiga ka bar kowane yaro a kan addinin da aka kawo shi da shi.

Na uku, ka nemi ganin shugabar gidan, ka je da katin shaida da sunan mutum ɗaya ko biyu da za su iya tsaya maka. Ka faɗi abin da ka iya a taƙaice, sannan ka tambaye ta inda ta fi jin matsi. Mutane da yawa sukan zo da tsarinsu a aljihu, wani yana son koyar da kwamfuta a gidan da wuta ba ta zama, alhali abin da ake nema shi ne wanda zai zauna da 'yan aji uku su yi jinga. Ku tsayar da rana da lokaci, ka karɓi lambar wayar wanda za ka sanar idan uzuri ya taso, ka kuma tambayi dokokin gidan ka rubuta su.

Daga nan sai makonni biyu ko uku na kallo. Kada ka gyara komai a wannan lokaci, ko da ka ga abin da bai yi maka ba, domin sau da yawa akwai dalilin da ba ka sani ba tukuna. Ranar gida irin wannan takan fara ne tun da asuba. Masu reno sukan riga kowa tashi su ɗora ruwan zafi, manyan yara su yi salla ko addu'ar safe, a yi wa ƙanana wanka, a shanya katifun waɗanda suka yi fitsarin kwance, a sha koko ko shayi da burodi, sannan a kama hanyar makaranta kafin ƙarfe takwas. Daga nan gidan yakan koma na jarirai da wanki da girki har a taso. Bayan abincin rana sai Islamiyya ga waɗanda ke zuwa, sai jinga da wasa da shara, sai tuwon dare da barci. Idan ka lura da kyau za ka ga cewa wurare biyu ne aiki ke cunkushewa, wato daga asuba zuwa fitar 'yan makaranta, da kuma daga la'asar zuwa isha'i. Duk wanda ya iya sa lokacinsa a ɗaya daga cikin biyun nan, ya taimaka fiye da wanda ya zo da hantsi ya tarar da gida shiru.

A wannan lokaci ne kuma za ka koyi sunaye. Ka fara da na masu reno da mai girki da mai gadi, ka gaishe su da girmamawa duk zuwa, domin su ne ke kwana da yaran, albashinsu kaɗan ne, kuma baƙi sukan wuce su kamar ba a gan su ba. Yara za su kira ka Kawu, idan ke mace ce su kira ki Anti. Ku karɓi wannan, amma kada ku ce wa yaro ya kira ku Baba ko Mama, tunda ba ku da ikon cika abin da sunan ya ɗauka.

Mataki na gaba shi ne ka kama aiki ɗaya ka riƙe shi. Idan madafa ce, ka sani cewa Jos ta yi sa'ar kayan lambu: kabeji da karas da dankalin turawa da tumatir suna samuwa da sauƙi a kasuwar Farin Gada, kuma wanda zai je can da sassafe sau ɗaya a mako ya yi wa gida cefane a farashin sari ya ɗauke wa mai girki babban nauyi. Gwaten tsakin masara ko na acca da alayyahu da yakuwa abinci ne mai araha da yara suka saba da shi, sai dai a riƙa jefa masa wake ko busasshen kifi domin ya riƙe jiki. Ga ƙananan da aka yaye ko waɗanda suka rame, ana haɗa garin kunun da ake kira Tom Brown: mudu shida na gero ko dawa ko masara, mudu uku na waken suya, mudu ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne daban har ya yi ƙamshi, a cire ɓawon waken da na gyaɗar, a niƙa su tare, a adana a mazubi mai murfi inda babu laima. Wurin rabon abinci ka bi ƙa'idar gidan sak, kada ka ƙara wa wani nama don ya yi maka murmushi, domin sauran suna ƙirgawa.

Idan wanka da wanki ne, to a nan yanayin garin yake nuna kansa. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, saboda haka a Disamba da Janairu sanyin dare yakan sauka kusa da digiri 10, yara kuma sukan yi fama da mura da tari da fashewar fata da leɓe. A lokacin nan a yi wa ƙanana wanka da ruwan ɗumi a cikin ɗaki, a goge su nan take, a shafa musu basilin, a sa musu safa da hula. Kullum a fara zuba ruwan sanyi a bahon sannan a sirka da na zafi, a gwada da gwiwar hannu, kuma kada a ajiye tukunyar ruwan zafi a ƙasa inda mai rarrafe zai kai. Abu mafi haɗari a hunturu shi ne kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Hayaƙinsa ba ya wari sosai, ba ya tashin mai barci, amma yana kisa, don haka idan ka ga an shigar da shi ɗakin kwana ka yi magana a ranar, ko da kuwa kana cikin makonninka na kallo. Da damina kuma, musamman Yuli da Agusta, matsalar ita ce shanya. Igiyoyi a ƙarƙashin rumfa da ledar shimfiɗa a kan katifun ƙanana suna rage wahala ƙwarai.

Wurin wanka ne kuma ake fara gano ƙazwa da makero da ƙwarƙwata, waɗanda ke yawo cikin sauri inda yara suke kwana tare. Kowane yaro ya samu tawul da soso da matajinsa, a rubuta sunansa a jiki. Idan ƙazwa ta shiga ɗaki, duk 'yan ɗakin ake yi wa magani a rana ɗaya, a wanke zanin gado da tufafi da ruwan zafi a shanya a rana, in ba haka ba za ta yi ta zagayowa. Mai aski kuma ya riƙa tsabtace kilifa tsakanin kai da kai. Wanka da sauya tufafin 'yan mata aikin mata ne, namiji mai taimako ya tsaya a ɗiban ruwa da wanki da shanya.

Idan karatu ne aikinka, ka fara da gano inda kowane yaro ya tsaya, domin ajin da yake ciki ba ya nuna abin da ya iya. Za ka iya samun ɗan aji biyar da bai iya haɗa baƙi da wasali ba saboda shekarun da ya rasa yana yawo daga hannun wannan dangi zuwa wancan. Kada ka kunyata shi a gaban ƙannensa. Ka ware shi da wasu biyu ko uku a inuwa inda kowa ke ganinku, ku yi minti talatin kawai, da Hausa idan ita ya fi ji, sannan a hankali a haura zuwa Turanci. Ka riƙe littafi guda da za ka riƙa rubuta abin da aka yi kowane mako. Manyan yaran kuma, waɗanda baƙi ba su cika kulawa da su ba saboda sun wuce shekarun ɗauka a goya, su ne suka fi buƙatar mai bin takardu: takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, lambar NIN wadda tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita, kuɗin WAEC ko NECO, da kuma wurin koyon ɗinki ko walda ko gyaran waya kafin su cika shekara 18. Wanda ya san kan ofisoshi, yana kuma da haƙurin bin layi, wannan fanni nasa ne.

A kan lafiya, iyakarka ita ce lura da sanarwa da rakiya, ba da magani kuwa aikin ma'aikacin lafiya ne. Ka taimaka a tabbatar kowane jariri yana da katin rigakafi: ana yi masa na tarin fuka da shan inna da ciwon hanta da zarar an haife shi, sai a koma a mako na 6 da na 10 da na 14, sai na ƙyanda da zazzaɓin shawara a wata 9, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Sanyin Jos ba ya hana zazzaɓin cizon sauro, don haka a duba gidajen sauro, a ɗinke waɗanda suka yage, kuma idan jikin yaro ya yi zafi a kai shi a yi gwaji kafin a ba shi magani. Idan gudawa ce, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na leda da ake samu a kemis. Idan babu, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, abin da ya kwana a zubar a sake sabo. Amma yaron da ya kasa sha, ko yake amayar da komai, ko yake jijjiga, ko numfashinsa ya yi sauri haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, wannan na asibiti ne nan take, haka ma jaririn da bai kai wata biyu ba idan ya yi zazzaɓi. Mai mota ko Keke da zai amsa waya da tsakar dare yana cikin manyan masu taimakon gidan marayu, ko da bai taɓa kawo buhu ɗaya ba.

Akwai dokokin zama da yara waɗanda ba a sassauta su ga kowa. Kada ka keɓe da yaro a rufaffen ɗaki. Kada ka fita da shi ko da zuwa shagon bakin titi ba tare da izinin shugabar gida ba. Kada ka doke shi, idan ya yi laifi ka kai wa mai renonsa. Kada ka tone masa labarin yadda aka yi ya zo gidan. Idan shi ya fara faɗa don kansa, ka saurara, kada ka nuna firgita, idan kuma a cikin maganar akwai cutarwar da ake yi masa yanzu, ka sanar da shugabar gida a ranar, in ita ce matsalar ka wuce zuwa ma'aikatar harkokin mata ta jiha. Mai fitsarin kwance kada a yi masa waƙa ko a sa shi ɗaukar katifa a gaban jama'a, domin sau da yawa tsoro ne ke jawo shi, kunyatarwa kuwa ƙara shi take yi. Hoto kuma sai da izini, kuma ko an ba ka izini, fuskar yaro da labarinsa ba kayan ɗorawa a Facebook ko WhatsApp ba ne. Yaron nan zai girma ya nemi aure da aiki, hoton yana nan.

Sai maganar kyauta da kuɗi. Kafin ka sayi komai ka tambayi abin da ya ƙare a sito. Shinkafa takan taru lokacin bukukuwa, abin da ke yankewa a tsakiyar shekara shi ne sabulu da omo, madarar jarirai, famfas, audugar mata, gas ko gawayi, takalman makaranta da kuɗin jarrabawa. Rigunan sanyi da barguna a saye su tun Oktoba a wurin 'yan gwanjo na kasuwar Katako, kafin sanyi ya shigo farashi ya tashi, a wanke su kafin a kai. A duba ranar lalacewar duk abin gwangwani da magani. Tsumman da ba za ka sa wa ɗanka ba kada ka kai. Komai ka kawo ka miƙa shi a ofis a rubuta, kada ka damƙa wa yaro ɗaya a ɓoye, domin ɗan lele a gida mai yara talatin ƙiyayyar 'yan'uwansa kawai yake girba. Kuɗi kuma a tura asusun gidan a karɓi rasit, ko a biya makaranta ko asibiti kai tsaye. Mai niyyar ba da zakka ya fara tambayar malami, domin maraici shi kaɗai ba ya cikin rukunan nan takwas na masu karɓar zakka da aka ambata a Alƙur'ani, talaucin maraya ne ke shigar da shi, kuma akwai bayani a kan abin da ya halatta a kashe ta a kai.

Wata rana dole za ka daina zuwa, ko don canjin wurin aiki, ko aure, ko karatu. Ka sanar da shugabar gida wata guda kafin lokacin, ka nemi wanda zai gaje ka, ku zo tare sau biyu ko uku domin yara su saba da fuskarsa. Ka faɗa wa yaran gaskiya da bakinka, ka ambaci ranar zuwanka na ƙarshe, kada ka ce za ka riƙa leƙowa idan ba ka da tabbas. A ranar ka miƙa wa magajinka littafin nan da kake rubutu a ciki, wanda ke nuna wanda ya kai jadawalin sau bakwai, da wadda har yanzu take rikita "b" da "d", da jaririn da rigakafinsa na wata tara ya kusa, sannan ka bi masu reno ɗaya bayan ɗaya ka yi musu sallama, ka nemi su yafe maka abin da ka yi ba daidai ba.